Dokin da aka zuba guda 500 kacal: in buɗe kwalin ko in bar shi a rufe?

Mai Dukushi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar manya nake nema. Shekara biyu ke nan da na fara tara ƙananan dawakin ado, yawancinsu irin na gama-gari ne da kowa zai iya saya. Watan jiya aka yi ƙuri'a a kan wani ingarma hurde da aka ce guda 500 kawai aka zuba. Na saka sunana ban ma sa rai ba, sai ga saƙo wai ƙuri'a ta faɗo kaina. Na biya, jiya ya iso. Har yanzu yana cikin kwalinsa, ta ledar gaba nake leƙensa.

Yayana ya ce kada in kuskura in buɗe, wai ranar da na yanke salatif ɗin nan rabin darajarsa ta tafi. Kuma tun kafin ya iso wani ya biyo ni ta saƙon sirri zai ba ni ninkin abin da na biya. Ni kuwa raina yana son in riƙe shi a hannu, in juya shi, in ga ɗayan gefen da kwali ya ɓoye. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar nan, me za ku yi in ku ne?

Ingarma77:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, yayanki ya faɗa miki gaskiya. Abin da aka yi guda 500 a duniya gaba ɗaya ba abin wasa ba ne, dukiya ce. Ki bar shi yadda ya zo, ki adana takardar shaidarsa da rasit, ki ɗora shi inda hannu ba ya kaiwa. Kuma kada ki sayar wa wancan mai ninki, gaggawa yake yi saboda ya san abin da ke tafe. In kina son wanda za ki riƙa shafawa, ki sayi na gama-gari.

Anti Mai Kanta:
Barka da arziki 'yata, Allah ya sanya alheri. Ki buɗe shi yau, kada ma ki kai gobe. Ba don marmari kawai na ce haka ba. Dawakin nan ɗaure su ake yi a jikin kwali da waya ko zaren roba don kada su motsa a hanya. Ɗaurin nan in ya daɗe yana iya cin fenti a ƙafa, kunne kuma yana gogar ledar gaba. Wanda ya bar doki shekara goma a kwali bai san halin da yake ciki ba, mai saye ma bai sani ba.

Ingarma77:
Anti, to me ya sa a sauran kayan tarawa wanda ba a buɗe ba ya fi tsada? Ko'ina haka dokar take.

Baba Akawal:
Ɗana Ingarma, ba ko'ina ba. Bari in ɗan tsawaita, don wannan kuskure ne da sababbin shiga da yawa suke shigowa da shi daga wasu fannonin.

Masu tara ƙananan motoci ko katunan 'yan wasa, su kwali da leda wani ɓangare ne na kayan. Mu tamu harkar a kan jikin dokin ta ginu. Dalili kuwa a fili yake: fentin hannu ne. Dubi kamfanin Breyer na Amurka, wanda shi ne babba a fagen ƙera dawakin nan. Mazubi ɗaya ne, launin da aka tsara ɗaya ne, amma mutane ne suke fesa fentin ɗaya bayan ɗaya. Ka jera guda goma na bugu ɗaya, za ka ga wani inuwar kafaɗarsa ta fi zurfi, wani ɗigon jikinsa ya fito ras, wani kuma farin ƙafarsa ya ɗan haura inda bai kamata ba. Wanda ya san abin da yake yi, idan zai sayi doki a hannun wani, hoto yake nema ta dama da hagu, ta gaba da baya, kan kunnuwa, bakin hanci, kofato, ƙarshen wutsiya. In ka ce masa ai yana cikin kwali ba a taɓa buɗewa ba, ka ce masa ya yi cinikin biri a sama ke nan. Akwai masu saye a haka, ban musa ba, amma manyan masu tarawa sun fi natsuwa da wanda aka fitar aka duba.

Sannan ka tuna akwai gasar nuni. A Amurka mutane suna ɗaukar dawakinsu su je zaure, a jera a kan tebur, alƙali ya zagaya ya duba kamar yadda ake duba dokin gaske: ƙirar jiki ta dace da jinsin da aka ce shi ne? Launin nan yana yiwuwa a wannan jinsin? Akwai ƙwarzane? Har ƙungiya gare su, NAMHSA, wadda take shirya babbar gasar ƙasa, kuma sai dokinka ya zo na ɗaya ko na biyu a ƙaramar gasa da ƙungiyar ta amince da ita kafin ya sami katin shiga babbar. Shi ya sa in ana talla za ka ji ana cewa wannan ya kai a kai shi gasa, wancan sai dai gasar hoto, wancan kuma jiki ne kawai na masu sake fenti. Duk wannan ma'aunin ba ya aiki sai doki yana waje.

Ki buɗe, 'yata. Ki yi amfani da ƙaramin almakashi ki yanke ɗaurin ta bayan kwali, kada ki ja shi ta ƙarfi. Kwalin da takardar ki ajiye su, ba su da laifi.

Mai Dukushi:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa sanin ɗaurin yana iya yin illa ba.

Ingarma77:
Baba na ji maganar kwali, na kuma karɓa. Amma maganar adadi fa? Nan ba na jin za ka musa. Ƙarancin abu shi ne tsadarsa. Misali Alborozo na 2008. Breyer suka yi shi don BreyerFest na shekarar, bikin da suke shirya wa masu tara dawakinsu, sannan aka lalata mazubin don kada a sake zuba wani. Yau duba yadda ake rububinsa. Wanda ya saya a lokacin ya adana, ya yi asara? Ni ban ga abin kunya ba a mutum ya sayi abu da niyyar ya ci riba a gaba.

Baba Akawal:
Misalinka mai kyau ne, amma ni yake goya wa baya. Alborozo dubbai aka yi shi, don doki ne da aka raba wa masu tikitin biki. Akwai dawakai da yawa da adadinsu bai kai rabin rabin nasa ba, amma ba wanda yake kwana da tunaninsu. Me ya bambanta shi? Hannun da ya sassaƙa shi. Brigitte Eberl, Bajamushiya, ta kama ingarman Andalus daidai lokacin da ya tattara ƙarfinsa a ƙafafun baya, wuya a lanƙwashe, geza tana tashi. Ko wanda bai san komai game da harkar nan ba in ya gan shi sai ya tsaya. Lalata mazubin ya ƙara wa wutar iska ne kawai, amma da ma akwai wutar. Da mummunan doki aka lalata wa mazubi, da ba wanda ya yi kuka.

Malam Bidi:
Ina tare da Baba, kuma zan ƙara da abin da tarihi ya nuna. Dawakan da suka fi wahalar samu yau, da yawansu ba a yi su da sunan masu ƙayyadadden adadi ba ko kaɗan.

A shekarun 1960 Breyer sun fitar da wasu dawakai masu launin da babu shi a jikin dokin gaske, don ƙawata ɗaki: shuɗi, shuɗi mai ɗigo, ruwan zinare, da ruwan zinare mai ɗigo. Masu harkar suna kiransu Wedgewood, Copenhagen, Gold Charm da Florentine. A lokacin kasuwa ta ƙi su. Yara doki mai kama da doki suke so, wa zai sayi shuɗin doki? Aka daina yin su ba da jimawa ba. Yau su ne ake nema ruwa a jallo. Ba wanda ya buga musu lamba a ciki, ba takardar shaida, rashin kasuwa ne ya mayar da su ƙalilan.

Haka ma waɗanda ake ce wa masu alli. Lokacin matsalar man fetur ta 1973 farar robar da aka saba zubi da ita ta yi wuya, sai aka yi amfani da roba mai wasu launuka, a fara shafe ta da farin fenti mai kauri kafin a ɗora launin dokin. Farin jikinsu sai ya fito kamar an shafa alli. Dabarar fita daga matsi ce kawai ta masana'anta, amma ga shi yanzu mutane suna juya tsofaffin dawakai suna duba ƙarƙashin kofato ko za su dace da ɗaya.

To ka ga ƙarancin iri biyu ne. Akwai wanda zamani ya haifar: yara sun yi wasa da su, sun karye, an zubar, 'yan kaɗan suka tsira. Akwai kuma wanda aka tsara tun daga ofis, aka ce guda kaza za mu yi. Shi na biyun, kusan kowa da ya saya lallaɓa shi yake kamar ƙwai. Bayan shekara ashirin 500 ɗin nan kusan duk suna nan lafiya lau, kuma rabin masu su jiran ranar sayarwa suke.

Ingarma77:
Malam, ai ko 500 ɗin duk suna nan, masu so sun fi 500. Ƙuri'ar ma ai don masu nema sun yi yawa aka yi ta.

Malam Bidi:
A makon da aka fitar, eh. A cikin masu saka suna akwai masu son dokin, akwai kuma masu son abin da za su samu a kansa. Su na biyun da zarar an sanar da sabon bugu sun koma can. Ka lura da kasuwar da kanka: farashi yakan yi tsalle a 'yan makonnin farko, lokacin da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba suke cikin zafin rashi, daga baya ya lafa. Wasu su tsaya a sama, wasu su dawo kusa da inda suka tashi. Ba wanda zai iya rantse maka wanne ne zai tsaya. Ka tambayi Amurkawan da suka cika ɗakuna da 'yan tsanan Beanie Babies a ƙarshen shekarun 1990 da sunan jari, kowa yana adanawa da tambarinsa a kunne. Da guguwar ta wuce, masu sayarwa sun fi masu saye yawa nesa ba kusa ba.

Danda:
Ni abin da yake ci mini rai daban ne. Sau nawa ina saka suna a ƙuri'a ban samu ba, kafin dare kuma sai in ga waɗanda suka samu sun saka talla, dokin ma bai iso hannunsu ba. Mutum bai san sunan mazubin ba, bai san wa ya sassaƙa ba, ya tare wa mai so hanya don ya tatse shi. Yaya Ingarma ka yi haƙuri, amma ni a ganina wannan ba tarawa ba ce.

Ingarma77:
Danda, ban tare wa kowa hanya ba. Ƙa'idar ƙuri'a ɗaya ce ga kowa, suna ɗaya mutum ɗaya, kuma ban taɓa saka sunan wani don in ƙara rabona ba. Abin da na saya da kuɗina nawa ne. Kuma bari in faɗa maka, da ribar biyu da na sayar na sayi tsohon dokin Breyer mai suna Fighting Stallion, mai sheƙi, da na yi shekaru ina mafarkinsa. Da albashina kaɗai ba zan taɓa kai wa gare shi ba. Kana ganin ba na son dawakan nan ne?

Anti Mai Kanta:
Ku sassauta 'ya'yana. Danda yana da hujja, Ingarma ma yana da tasa. Kusan duk wanda ya daɗe a nan ya taɓa sayar da wani don ya sayi wani, ni ma na yi. Inda nake jan layi shi ne masu cika ƙuri'a da sunayen 'yan uwa da maƙwabta, da masu ɓoye aibi in za su sayar. Wanda ya tsaya a kan ƙa'ida ya faɗi gaskiyar kayansa, ba ni da ta cewa a kansa. Sai dai yarinyar nan ba ta ce mana tana neman jari ba. Cewa ta yi ranta yana son ta riƙe dokin. A kan wannan ya kamata mu ba ta amsa.

Mai Fenti:
Tunda an ambaci mai sheƙi, bari in ja kunnen Mai Dukushi da duk wani sabo, don ni an taɓa yi mini.

Kun san sau da yawa bugu ɗaya yakan zo iri biyu, marar sheƙi da mai sheƙi, kuma mai sheƙin yakan fi ƙaranci, don haka ya fi tsada. Shekarun baya na ga tallar wata goɗiya mai sheƙi a hannun wani mutum, hotuna biyu kawai ya saka, daga nesa. Zumuɗi ya hana ni neman ƙari. Da ta iso na fitar da ita, tun daga wari na san akwai magana. Na kai ta bakin taga, sai ga ƙura da wani siririn gashi a daskare a ƙarƙashin sheƙin, ga inda ruwan ya taru ya bushe a ƙasan ciki. Kallon kitse na yi wa rogo. Marar sheƙi ce ta gama-gari ya fesa mata man sheƙi na gwangwani. Na yi masa magana ya rufe ni.

Abin da ya fi ba ni haushi, aikina ke nan, fenti nake yi, ni ya kamata in fara ganewa. Lambar da aka ce guda kaza ne ita ta rufe mini ido. Tun daga ranar ba na sayen mai tsada sai na ga hoto a hasken rana, kusa-kusa, har da tambarin da ke cikin cinyar baya, kuma sai na tambayi wasu ko sun taɓa ciniki da mutumin. Takardar shaida ma kada ta ruɗe ku, takarda ana raba ta da dokinta a haɗa da wani.

Mai Dukushi:
Subhanallahi. Sannu Yaya Mai Fenti. To ita goɗiyar yaya kika yi da ita?

Mai Fenti:
Na kankare ta tas na sake mata fenti, na mayar da ita bikili mai farin goshi. Wata uku na yi a kanta, da garin launi da burushi, shafi bisa shafi, har jijiyoyin fuska na fitar. Yanzu guda ɗaya ce tak a duniya, kuma ba na sayar da ita.

Wannan ma wani abu ne da masu kirga adadi suke mantawa. In ƙaranci ake nema, ai ba a kamfani yake ba. Akwai masu sassaƙa da suke aiki su kaɗai a gidajensu, su zuba doki da rezin, wani ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri, guda hamsin ko ɗari, su sayar da shi fari fat ba fenti, wanda ya saya ya kai wa mai fentin da yake so. Kowane ɗaya ya fita daban. A can ne za ka ga tsoka da jijiya da lanƙwasar leɓe da mazubin masana'anta ba ya iya fitarwa. Sai dai rezin ba ya yafiya, in ya faɗo kunne ko ƙafa sun tafi. Kuma don Allah in kun ga irin waɗannan da araha fiye da kima ku guje su, akwai masu satar ƙirar mutane su kwafa su zuba. Mai sassaƙan da ya yi wata shida a kan aiki shi ake cuta.

Malam Bidi:
Mai Fenti, a nan kam muna da 'yar jayayya da ke. Na gama-gari da aka riga aka ɓata, kankare shi ba laifi. Amma na ga masu ɗaukar tsohon doki na shekarun 1960 mai lafiya su kankare don su gwada hannu. Wannan yana yi mini ciwo. Waɗannan ba a ƙara yin su.

Mai Fenti:
Ba mu da jayayya Malam. Ni ma ba na taɓa tsoho mai lafiya. Kafin in sa wa kowane doki hannu sai na bincika ko wane ne shi, don an sha kankare mai alli ba a sani ba.

Baba Akawal:
Maganar masu sassaƙa da kuka ɗauko ita ce nake so 'yata Mai Dukushi ta riƙe. Ki koyi sanin hannu kafin ki koyi sanin lamba.

Harkar nan da kanta ba da lissafin adadi ta fara ba. Breyer kamfanin zuba roba ne a Shikago. A 1950 suka zuba wani doki mai sirdi don a ƙawata agogon tebur da shi, sai mutane suka riƙa tambayar dokin shi kaɗai ba agogon. Daga nan aka ɗauko hanya. Chris Hess shi ya sassaƙa yawancin na farkon nan, har da Fighting Stallion da Ingarma yake ji da shi, da Man o' War. Aikinsa yana da ƙarfi da kauri, in kin saba da shi daga nesa za ki gane. Maureen Love kuma ta yi wa Hagen-Renaker na Kalifoniya aiki, su da tangaran suka yi nasu. Ita zama take a gaban dokin gaske tana zana shi, shi ya sa nata suke da wata natsuwa, kamar za su ja numfashi. Ƙananan Stablemates na farko da Breyer suka fitar a 1975, waɗanda suke kashi 1 cikin 32 na girman dokin gaske, ƙirarta ce. Abin da bai fi tafin hannu ba, amma ki dubi yadda ta ajiye kafaɗa da gwiwa. Na baya-bayan nan akwai Kathleen Moody, mai son geza da wutsiya suna kaɗawa, wasu suna so wasu suna ganin ya yi yawa. A Ingila kuma an yi kamfanin Beswick, masu dawakin tangaran, da gwaninsu Arthur Gredington. Shi ma Peter Stone, wanda ya tashi a cikin Breyer, ya fita ya kafa nasa kamfanin a 1996 a jihar Indiyana, kuma su sun fi karkata ga bugu 'yan kaɗan-kaɗan.

Ita dabarar ƙayyade adadi daga baya ta yi ƙarfi, da kamfanoni suka gane manya ma suna saye ba yara kaɗai ba. BreyerFest a 1990 aka fara shi, a Kentucky Horse Park da ke Lekzinton, kowane watan Yuli, kuma a can ake fitar da bugu na musamman, a yi gwanjon waɗanda guda ɗaya tak aka yi. Sai jerin Connoisseur da Breyer suka riƙa yi a da, guda 350 kowanne, ta ƙuri'a ga masu karɓar mujallar Just About Horses. Ina da biyu daga cikinsu. Ɗaya kullum sai na tsaya a gabansa. Ɗayan kuwa na saka suna ne kawai don kowa yana sakawa, ƙirar ba ta taɓa burge ni ba, yana can bayan kanta. Adadinsu ɗaya, takardarsu iri ɗaya.

Saboda haka tambayar da zan yi miki: da hurden nan na gama-gari ne, an zuba dubu hamsin, za ki so shi?

Mai Dukushi:
Baba, wallahi zan so shi. Tun ranar da na ga hotonsa, kafin in san adadin, yadda ya ɗaga ƙafar gaba ya karkato da kai shi ya kama ni. Ina da irin wannan mazubin a aharas na gama-gari, shi ne ma na fi so a kantata.

Ingarma77:
To in haka ne ki riƙe abinki ƙanwata, ban da ja. Amma ina nan a kan bakana cewa ki kula da shi kamar dukiya. Rayuwa tana juyawa, wata rana buƙata za ta iya tasowa, kuma doki mai lafiya da takardarsa ya fi wanda aka yi sakaci da shi. Son abu bai hana a san darajarsa ba.

Anti Mai Kanta:
Wannan kam gaskiya ce, kuma ita ce maganar da ta fi amfani yanzu. 'Yata ga abin da shekaru suka koya mini.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Yawancin manyan nan, masu kashi 1 cikin 9, da wata roba ake zuba su mai suna selulos asitet, cikinsu kuma rami ne. In kin duba hanci ko gefen baki za ki ga ɗan ƙaramin huji. Kada ki toshe shi, ta nan iska take fita. In babu shi, zafi ya bugi doki, iskar ciki ta buɗe, sai ya kumbura kamar an hura. Ƙafafu ma suna lanƙwashewa. Na taɓa barin guda uku a cikin mota da rana, laifina ne ni kaɗai, kafin la'asar ɗaya ya kasa tsayuwa. Ƙafar da ta karkace ana iya gyara ta, a ɗumama da na'urar busar da gashi daga ɗan nesa, a miƙe a hankali, a tsoma a ruwan sanyi. Amma ki fara koyo a kan wanda ba ki damu da shi ba.

Kada abin goge farce ya kusance shi. Asiton da ke ciki narkar da robar yake, ba fentin kaɗai ba. Ƙura kuma burushin kwalliya mai laushi ya isa. In za ki naɗe shi, ki fara da tsohuwar riga ta auduga mai tsabta, sannan leda mai kumfa daga waje. Leda kai tsaye a jikin fenti tana iya mannewa in an yi zafi, jarida kuma tana barin tawada. Sirdi da linzami na ado kada ki bar su a jikinsa wata da watanni, rinin fata yana sauka a kan farin doki.

Wajen jerawa ki ba su tazara. Ɗaya in ya faɗi yakan tafi da duk layin, kuma a nan ake samun yawancin ƙwarzanen kunne. Masu tsayuwa da ƙafa biyu ko uku ki sa su ta bango.

Danda:
Anti a ƙara da maganar masu warin binega.

Anti Mai Kanta:
Yauwa, Allah ya yi maka albarka. Wannan ya fi shafar mai sayen tsofaffi. Ita robar nan wani lokaci takan fara ruɓewa da kanta, tana fitar da sinadari mai warin binega. Doki ya riƙa raguwa, launinsa ya koɗe, ƙafafu su shigo ciki, wani har ya riƙa tsatso da ruwa. An fi ganin haka a waɗanda aka zuba daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990. Ba a san maganinsa ba, sai dai a ware shi daga sauran a ajiye inda iska take shiga. Kun ga wannan ma wani dalili ne na ƙin kulle doki a rufaffen wuri shekara da shekaru. In kuma farin tsohon doki ya koma rawaya, zama a bakin taga na 'yan makonni yana dawo da shi, a riƙa juya shi, a kuma kula kada wurin ya yi zafi, don rana mai gyara fari ita ce mai cin sauran launuka.

Mai Dukushi:
Na buɗe shi.

Na bi ta baya na yanke ɗaurin kamar yadda Baba ya ce, hannuna har rawa yake. Lafiyarsa ƙalau, ba ƙwarzane ko ɗaya. Ashe gefen da kwali ya ɓoye ya fi kyau, ɗigon da ke kan cinyarsa ƙanana ne suna girma suna hawa har gadon baya, kuma kofatonsa ɗaya yana da ratsi fari da baƙi, ta leda ban taɓa lura ba. Na ga ɗan hujin ma a gefen baki. Na ajiye shi kusa da aharas ɗina, tazarar tafin hannu a tsakaninsu. Kwalin da takardar suna cikin durowa. Mai ninki kuma na ba shi haƙuri.

Saura yayana, bai dawo ba tukuna.

Baba Akawal:
Madalla 'yata. In ya dawo ki miƙa masa ya riƙe da hannunsa, ta ciki zai kama ba ta ƙafa ba.

Mai Fenti:
Ki ɗauko mana hoton kofaton nan mai ratsi a hasken safe, ina so in ga ko da burushi aka ja shi ko fesawa aka yi.

Mai Dukushi:
In sha Allah gobe da safe Yaya. Anti, kantar tawa tana fuskantar taga ta yamma, rana tana taɓa ta kamar awa ɗaya kafin magariba. In matsar da ita ne ko labule ya isa?

Anti Mai Kanta:
Ki matsar da ita bangon da ke gefe. Labule wata rana za a manta ba a ja ba.